Amanar Kuɗin Masallaci a Zamanin Alat



Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da sababbin takardun naira 200, 500 da 1,000 a watan Disamba na 2022, tsabar kuɗi ta yi ƙamfar da ta tilasta wa mai rake da mai goro karɓar tiransifa, sadakar masallaci ita ma ta bar akwati ta koma waya. A da, in an sallame Juma'a, akan buɗe akwati a gaban mutum uku, a miƙar da takardun da suka cukurkuɗe, a ƙirga, a ɗaure da roba, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa. Yau kuwa wayar ma'aji ce za ta yi ƙara cikin dare, wani ɗan garinmu Sandamu da ke neman abinci a Legas ya turo dubu ashirin, kuɗin ya faɗa asusun ma'aji na kansa, ya gauraya da kuɗin takinsa, babu mai shaida sai Allah.

Ba tuhumar kowa nake yi ba, domin akasarin ma'ajinmu mutanen kirki ne. Tsoron da nake ji musu shi ne shubuha, wadda takan ci mutuncin amintacce tun kafin a kafa masa hujja. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai kafa diwani don ya raina amanar sahabbai ba. 

Abin da ya fi nauyi shi ne niyya, domin alat adadi yake nunawa, ba ya faɗin zakka ce, wadda Allah Ya ƙayyade wa rukunin mutane takwas kuma ba a sayen kwanon rufi da ita, ko wakafi ne, ko sadakar man janareta. Wajibi ne a kira mai turowa a tambaye shi, sa'an nan a rubuta sunansa da rana da lambar turin da manufarsa.

Saboda haka ina roƙon kowane kwamitin masallaci ya buɗe asusu da sunan masallaci, wanda ba a fitar da ko kwabo daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu. Kada a shigar da kuɗi littafi don an nuna rasit a waya, tunda akwai alat na bogi, sai an gan shi a asusu. In wata ya ƙare, a karɓo bayanin asusu daga banki, a gwama shi da littafi layi bayan layi, har da 'yan nairorin da banki ke zarewa na saƙon alat, a karanta wa jama'a ranar Juma'a.