Tarkon Rami Kaɗai Ba Ya Ƙidaya Tururuwar Gona



Yawancin ɗalibanmu masu nazarin dangin tururuwa a gonaki tsarin ALL suke kwafowa, wanda Agosti da abokan aikinsa suka wallafa a 2000: layi mai tsawon mita 200, tasha 20, tazarar mita 10 a tsakani, a kwashe busasshen ganye na murabba'in mita 1 a zuba a jakar Winkler, a binne tarkon rami na awa 48. Don kurmi aka tsara shi, inda ganye ke jibge a ƙasa. A gonar geron da aka share, aka ƙone, aka yi huɗa, wane ganye za a kwasa? Sai tarkon rami ya rage shi kaɗai, aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Kofin da aka binne, bakinsa daidai da ƙasa, zirga-zirga yake aunawa, ba yawa ba. In ya dace da hanyar tururuwa mai jidar hatsi, wato Messor, ko kwarkwasa ta ratso da dare, a wayi gari ya cika fal, na kusa da shi kuwa 'yan ƙalilan. Haka za a tara, a raba, a ce an sami matsakaici! Abin da ya kamata a rubuta shi ne a tarko nawa kowane nau'i ya bayyana. Tun 1973 Greenslade ya nuna cewa tonon ramin kansa yana ƙara kamu a kwanakin farko, don haka a bar kofi a rufe na 'yan kwanaki kafin a fara ƙidaya. Har yau ba ma yi. Ba ma faɗin ko a bisa kunya aka binne shi ko a kwarinta, inda ruwan sama ɗaya ke cika shi da laka.

Ga kuma tururuwan da ke hawa shuka suna kiwon darɓa don zaƙin da take fitarwa. Darɓar nan, Aphis craccivora, ita ke yaɗa cutar da ta lalata gyaɗa kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya a 1975. Kofi a ƙasa ba zai nuna wannan alaƙa ba. Sai an duba ganye da hannu, an ɗana kifin gwangwani da zuma safe da yamma, an ƙirga gidajensu. A Benin an nuna a 2007 cewa tururuwa mai ɗinka ganye, Oecophylla longinoda, tana rage ɓarnar ƙudan mangwaro, kuma a bisa reshe ake ƙirga ta.

Ma'aikatun gona kuwa duk damina rabon maganin feshi suka sa a gaba, ba mai tambayar abin da ya mutu tare da ƙwarin. Kuɗin bincike na damina ɗaya ba ya isa a kwatanta komai. Ina roƙon malamai su kafa kwamitin da zai fitar da tsari guda na gonakin gero, dawa, gyaɗa da wake kafin shuka mai zuwa.