Ma'aikatan Ɓoye da Ke Cikin Tumbin Dabbobinmu



Da yawanmu kan aiko da kuɗi a turke mana rago ko sa, wasu kuma a bayan gida suke kiwonsu a birni. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke gudana a cikin dabbar nan.

Cikin saniya, da tunkiya, da akuya, ɗaki huɗu gare shi, babbansu shi ne tumbi. Dabba ba ta iya narkar da harawa ko kara da ƙarfin kanta. Waɗansu ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ido ba ya gani, biliyoyi a cikin ɗan cokali guda na ruwan tumbi, suke ruɓar da ciyawa su mai da ita sinadaran da ke ba dabba kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Wani masani Ba'amurke, Robert Hungate, shi ya gano hanyar rainonsu a inda babu iska, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1966.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan Sallah ta matso, sai mu ɗura wa rago dawa ko masara rana ɗaya don ya yi saurin ƙiba. Hatsin nan kan sa tumbi ya yi tsami, tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke cin ciyawa. Sai rago ya daina tuƙa, ya kama zawo, ciki ya kumbura, wani ma ya mutu. Ita kuwa tuƙa tana kawo yawu, yawun shi ke kashe kaifin tsamin.

Shawararmu uku ce. Na farko, kada harawar wake ko ta gyaɗa ta yanke a turke. Na biyu, a riƙa ƙara dusa da hatsi kaɗan-kaɗan har mako 2 zuwa 3, domin sannu ba ta hana zuwa. Na uku, a tsince leda daga inda dabba ke kiwo, don ba ta narkewa a tumbi, kuma kada a ɗirka mata maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likitan dabbobi ya ce.

Dukiyar da muka wahala muka tara, kada gaggawa ta cinye mana ita.