Fenti Ba Ya Tare Ruwa

Ya kai ɗan kasuwa, watakila ka sayi tsohon jirgin faiba mai inji da araha, ka jawo shi gida, domin ya riƙa kai maka kaya Zongo, ƙetaren kogin Ubangi. To, ka kasa kunne.

Kada ka fara da fenti. Faiba ba ta ruɓa, amma akwai katako ɓoye cikinta, a daɓe da baya inda a ke ɗaura inji. Sa'anda ruwan sama ya daɗe ciki, katakon nan yakan ruɓe, ido kuwa ba ya gani. Ɗauki ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa ko'ina. Inda ka ji dim, sai ka yanke, ka fid da ruɓaɓɓen. Bari wurin ya bushe sarai, ka sa sabon katako, ka rufe da ƙyallen faiba da gam. Kāna fenti.

Kogi ba ya jin roƙo. A shekara ta 2024 jirgi ya kife a kogin Mpoko, mutum fiye da 50 suka hallaka. Waɗanda za ka ɗauka amana ne a hannunka. Ɗan'uwa, ƙwanƙwasa tukuna.