Jawabi a Kan Gane Mai Zane da Shekarar Zanensa



An nemi in ɗan yi bayani a kan yadda masana suke gane wanda ya yi wani tsohon zanen fentin mai na ƙasar Italiya, da kuma lokacin da ya yi shi. Maganar ba ta wasa ba ce. Zane in na gwani ne, kuɗinsa ya kan kai miliyoyi. In na almajirinsa ne ko na ɗan damfara, ko kusa. Sa hannu kuwa bai isa hujja ba, don ana iya ƙara shi daga baya.

Mu ɗauki zanen Erminia, 'yar sarkin da ta tarar da jarumi Tancredi kwance jina-jina. Shaida ta farko ita ce labarin kansa. Ya fito ne daga doguwar waƙar Torquato Tasso wadda aka buga a 1581, saboda haka da wuya zanen ya girmi wannan shekara.

Ta biyu, hannun mai zane. Guercino, wanda aka haifa a Cento a 1591, ya rasu a Bologna a 1666, ya zana wannan labari yana saurayi wajen 1618, ya sake zana shi wajen 1650. Na farkon yana Roma, cike da duhu da inuwa. Na bayan yana Edinburgh, mai haske da natsuwa. Kun ga salon mutum guda ma yana nuna shekarunsa.

Ta uku, takardu. Tun daga 1629 gidan Guercino ke ajiye littafin lissafi, ana rubuta mai saye da abin da ya biya.

Ta huɗu, fentin. Akwai wani shuɗi da sai farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi a Berlin. In aka same shi a ainihin zanen, ba a wurin gyara ba, to, Guercino bai taɓa wannan ƙyalle ba.

Sai shaidun nan sun haɗu baki ɗaya sannan a yanke hukunci. Ko ba haka malamanmu na tarihi suka koya mana ba?