JIKI MAGAYI: SANYIN MANTALETA DA ZAFIN BAZARA

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron shekara-shekara)



Tun da ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin gasar ƙwallon ƙafa ta matasa, na ga ya dace in ja hankalinmu kan wani abu ƙarami da ke cikin aljihun kowa, wato alewar minti irin su TomTom, da man shafawa irin su Robb da mantaleta. Na sha ganin yaranmu suna shafe ƙirji da wuya da waɗannan mayuka kafin su shiga fili da tsakar rana, wai don su sha iska. Na taɓa ganin ƙarshen wannan dabara da idona. Wata shekara, a ranar wasannin makaranta, wani ɗalibina ya shafe jikinsa da mantaleta, ya shiga tseren dogon zango, ya yi ta gudu yana cewa bai ji rana ba, har ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya kiyaye, ya farfaɗo. Laifin nawa ne, don ni na sa tseren bayan azahar. Tun daga ranar nake bin diddigin wannan al'amari.

Sinadarin da ke kawo sanyin nan sunansa mentol, kuma daga ganyen na'a-na'a aka fara samo shi. A fatarmu da cikin bakinmu akwai jijiyoyi masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin sanyi. A shekarar 2002, masana biyu a Amurka, David Julius da Ardem Patapoutian, kowanne da tawagarsa, suka gano ƙofar da sanyi ke bugawa a jikin waɗannan jijiyoyi, wadda ake kira TRPM8. Suka nuna cewa mentol ma yana buɗe wannan ƙofa ko da babu sanyin. Kafin nan, a 1997, Julius ya gano cewa haka barkono ke yi wa ƙofar zafi: baki ya ji wuta alhali babu wuta. Wannan bincike ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2021. Ashe mentol ɗan aike ne mai kai labarin ƙarya. Ƙwaƙwalwa ta ji an ce sanyi ya zo, amma zafin cikin jiki yana nan daram.

Ba zan ce ba shi da amfani ba. An gwada 'yan tsere da masu tuƙa keke a ɗakuna masu zafi, ana ba su ruwa mai ɗan mentol, kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma, su kurkure baki su tofar. Da yawansu sun ji sauƙin zafi, sun kuma ƙara ɗan ƙoƙari kafin su gaji. Saboda haka ne a 2020 wasu masana suka fitar da matsaya kan amfani da shi, gabanin wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021. Sai dai ƙarin ɗan kaɗan ne, kuma waɗancan akwai masana da ke tsaye a kansu. Shafa shi a faɗin jiki kuwa, bincike ya nuna yana iya jinkirta fitowar gumi, ya kuma matse jijiyoyin jini na fata, alhali ta waɗannan hanyoyi biyu ne jiki ke fitar da zafi.

Jama'a, Hausawa sun ce jiki magayi. Gajiya da jin ƙuna su ne ke ce wa mutum ya dakata. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan ya haura 40, ƙwaƙwalwa na ruɗewa, rai kuma na cikin haɗari. Wanda ya toshe bakin magayi, wa zai faɗa masa? Rana ba ta san gwani ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka yi tseren gudun fanfalaki na mata don gudun zafi, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. A nan yankinmu na Sahel, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali a watan Afrilun 2024. Bazararmu ba abin wasa ba ce.

Saboda haka ina roƙon kwamitin wasanni abubuwa huɗu. Na farko, a riƙa buga wasa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, musamman daga Maris zuwa Mayu. Na biyu, a tanadi ruwan sha da rumfa a bakin fili, a kuma ba da hutun shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye. Na uku, a hana yara shafe jiki da man mentol kafin wasa, ko gudu da alewa a baki, don tana iya sarƙe su. Na huɗu, duk wanda aka ga yana tangaɗi ko sambatu, a kai shi inuwa nan take, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, sannan a garzaya da shi asibiti.

Ku 'yan uwa mazauna birni, ku ne ke aiko da kofi da riguna da ƙwallaye, Allah ya saka da alheri. A bana ku haɗa da randunan ruwa da kuɗin rumfa. Wannan gargaɗi ya shafi 'yan uwanmu masu dako da leburori da manoma, waɗanda ke tsotsar minti suna aiki cikin rana. Kada mu yi wa rogo kallon kitse: minti na wanke maƙogwaro, ruwa da inuwa ne ke sanyaya jiki.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya raya mana zuri'a, ya maida kowa gidansa lafiya.