Wa'azi a Kan Hayaƙi da Hazon Hunturu, Wanda Aka Yi a Dagumawa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani abin da ke ɓata iskar da muke shaƙa iri biyu ne, wanda ya zo mana daga nesa, da wanda muka hura da hannuwanmu.

Amma na nesa, shi ne hazon hunturu. Mafi yawansa daga wani kwari yake a ƙasar Cadi, ana ce masa Bodele, inda tafki ya ƙafe tun zamanin da. Iskar gabas maso arewa ke kwaso ƙurarsa, ta biyo ta Barno har ta rufe mana gadar Wudil. Wannan ba mu da iko a kansa.

Na biyu shi ne abin maganata. Hayaƙi yana hawa sama ne domin ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. To a daren hunturu ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta zauna bisanta kamar faifai a bakin tukunya. Sai hayaƙi ya rasa mafita, ya shimfiɗu a kan gari, ya shiga ɗakuna, ba ya watsewa sai hantsi ya dubi ludayi. Duk wanda ya fito sallar asuba ya gan shi kwance a fadama.

Wannan lokaci kuwa shi ne na karatunmu. Da kara da itace ake hura kiskadi, yanzu yara na jefa leda da tsohon takalmi da guntun taya don wuta ta daɗe. Na ga almajirina yana tari bisa allonsa har ya kasa biya karatu, laifin kuwa nawa ne, ban hana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne hayaƙin cikin gida ya kashe a shekarar 2020. Mafi sharri garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, ko janareta a zaure, gama gubarsu ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗaukarsa.

Kada wani ya ce wannan ilmin Nasara ne. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya hukunta a hana hayaƙin gidan wanka da warin jima idan suna cutar maƙwabci, ina ga hayaƙin taya? Saboda haka kowane malami ya duba abin da ake sa wa wutarsa, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta, shara kuma kada a ƙone ta da magariba. Wassalamu.