Ku Bar Gawo Ya Tashi



Akwai wani icce da Turawa ke kira fayin. Asalinsa daga tsakiyar ƙasashen Amurka ne. Yana girma da sauri, ya miƙe sambal. Ana yanka katako da shi, ana yin takarda. An dasa shi a dajin Afaka, kusa da Kaduna. Amma yana son ruwan sama mai yawa. Ruwan Matamaye ba ya isarsa. In kun dasa shi a nan, wahalar banza ce.

Namu iccen gawo ne. Da damina yakan kaɗe ganyensa, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen ya zama taki. Ku dubi geron da ke gindinsa, ya fi na fili kyau. Da rani kuma ya yi ganye, ya zubo ƴaƴa, tumaki da awaki su ci. Shi ya sa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare shi.

Bayan farin 1984, manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka daina cire ƙananan gawo a gonakinsu. Yanzu gonakin sun cika da itatuwa.

To, lokacin sassabe, in kun ga toho a jikin kututture, kada ku tumɓuke, kada ku sa wuta. Ku zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ku datse sauran. Ku kafa sanda kusa da shi, don kada garma ta tafi da shi. Ku gaya wa yara masu kiwo su kiyaye.

Sai mako mai zuwa.